Aikin dasa waya a ƙwaƙwalwa saboda ciwon waswasi: yadda muka ga abun a Indiya

Salam jama'a. Tunda muka dawo da ƙanina daga Indiya ake ta tambayata wai da gaske ne an sa masa waya a kai, wai ya warke kuwa, wai nawa aka kashe, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Eh an sa. Bai warke tas ba, amma ya samu sauƙin da bamu taɓa gani ba tun da ciwon ya kama shi. Kuɗi kuma an kashe, har filin gadonmu ya tafi. In maki za a bayar cikin 5, tiyatar kanta zan bata 5, ɗawainiyar asibiti 4, amma kulawar bayan an dawo gida ko 2 da ƙyar zan bayar, kuma wallahi wannan na ƙarshen shine ainihin abinda mutum yake siya da kuɗinsa, sai dai ba wanda ya faɗa mana haka ƙarara tun farko. Bazan kama sunan asibitin ba, babban asibitin kuɗi ne dai a kudancin ƙasar.

Ciwon nasa OCD ne, waswasi, amma ba irin na "anya na kulle ƙofa kuwa" da kowa ke yi ba. Tun yana sakandare ya fara, yanzu ya haura 30. Alwala ɗaya sai ta cinye jarka guda, ya wanke hannu ya zo fuska sai ya ce anya ya yi niyya, ya koma farko. In ya shiga banɗaki da hantsi sai an kira azahar Hajiya na bubbuga ƙofa tana kuka. A masallaci kabbarar harama kawai, "Allahu ak... Allahu ak...", yana ɗaga hannu yana saukewa har liman ya yi ruku'u, yaran unguwa na kwaikwayonsa a bayan ido. Fatar hannunsa duk ta tsattsage saboda sabulu har tana jini. Kuma ya san abun ba kan gado, shi da bakinsa zai ce "Yaya wallahi na san na wanke, zuciyata ce taƙi yarda." Hankalinsa garau yake, shi yasa azabar ta fi yawa.

Ba abinda ba a yi ba. Ruƙiya, rubutu, hayaƙi, sannan likitan ƙwaƙwalwa, aka bi maganin fluoxetine, aka bi sertraline, aka bi fluvoxamine, aka koma clomipramine wanda ya dinga busar masa da baki yana sa shi gyangyaɗi, aka ɗora aripiprazole a kai, kowanne sai an kai shi ƙololuwar awo an jira watanni. An gwada masa zaman horon da suke kira ERP, inda ake sa mutum ya taɓa abinda yake ƙyama a hana shi wankewa har fargabar ta sauka da kanta, bai iya jurewa ba. Ina jaddada wannan ne saboda kusan mutum 2 cikin 100 suna da ciwon nan kuma mafi yawansu magani da horo sun ishe su, kamar 1 cikin 10 ne kawai suke zama a mummunan hali duk da an yi komai. Su ake wa maganar DBS, wato wannan aikin dasa waya mai aiki da batiri tana kai wuta cikin ƙwaƙwalwa. Duk wanda ƙaninsa ko matarsa ta fara maimaita alwala bara, dan Allah kar ya fara tunanin biza, ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da shi a fara daga farko.

Abinda ya fara burgeni da asibitin shine basu yi rawar jikin karɓar kuɗinmu ba. Dillalin da ya haɗa mu da su tun daga gida ya ce mana muna sauka sati ɗaya a yi aiki, ƙarya yake. Likitar ƙwaƙwalwar, wata mata mai sanyin magana, ta ce ba aiki sai ta gamsu. Ta sa aka zazzage duk katunan asibiti da takardun magani na shekaru, Allah ya taimake mu Hajiya bata yar da takarda, cikin tsohuwar jakar Makka ta tara su. Suna da wani ma'auni da suke kira Y-BOCS, tambayoyi 10 ne maki daga 0 zuwa 40, nasa ya hau 34, wato can ƙarshen tsanani. Sharaɗinsu mutum ya kai shekara 18, ciwon ya yi aƙalla shekara 5, an gwada magunguna daban daban har da clomipramine an gwada horo duk a banza. Sannan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Indiya ta 2017 ta ce ba a yi wa mutum tiyata a ƙwaƙwalwa saboda irin wannan ciwon sai shi da kansa ya amince kuma wata hukuma ta sa hannu, ba wai yaya ko uba ya amince a madadinsa ba. Jiran wannan sa hannun ya cinye mana kuɗin masauki sosai, naji haushi a lokacin, amma ko yanzu aka tambaye ni zan ce gara haka, kan mutum za a huda fa.

Kuma matar nan bata yi mana daɗin baki ba. Ta zaunar damu ta ce aikin nan asalinsa na masu karkarwa ne, wani likita Alim-Louis Benabid a Grenoble ta Faransa ya fara shi a 1987, aka saba yi wa masu ciwon Parkinson, sai a 1999 Bart Nuttin da abokan aikinsa a Leuven ta Beljiyam suka gwada wa masu waswasi mutum 4. Hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta bada izini a 2009 ga na'urar kamfanin Medtronic, shima izini ne na jin ƙai irin wanda ake ba na'urar da marasa lafiya kaɗan ne ke buƙata, ba cikakken izinin da aka saba ba. Ta ce a Amsterdam ƙungiyar Damiaan Denys sun bibiyi mutum 70, kashi 52 cikin 100 suka samu sauƙi sosai, kuma a 2022 wasu likitoci a Houston sun tattara bincike 34 na mutum 352 suka ga kamar 2 cikin 3 ne ke amfana. Sai ta ɗaga yatsa ta ce ku gane, a wajenmu "ya amfana" na nufin makinsa ya ragu da kashi 35 cikin 100 ko fiye, ba wai ciwon ya tafi ba, kuma 1 cikin 3 zai biya kuɗin nan a huda masa kai ya tashi ba wani canjin kirki. Ta lissafo jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, ƙwayar cuta ta shiga wajen har a cire na'urar, farfaɗiya. Ƙanina ya saurara tsaf ya ce shi dai a yi, rayuwar da yake ciki ba rayuwa bace. Gaskiya wannan zaman kaɗai ya sa na yarda da su.

Ɓangaren kuɗi nan ne raina ya fara ɓaci. Bazan rubuta adadi ba don da dala ake lissafi kuma canji kullum sabon labari, amma takardar farashin da aka turo mana kafin mu taso tiyata ce da na'ura da kwanakin gado kawai. Hoton MRI na musamman daban, gwajin tunani da ƙwaƙwalwa daban, kowane zaman saita na'ura daban, zaman horo daban, kuma batirin da suka rubuta wanda ba a caji ne. Sai da muka zo likitan tiyatar yake mana bayani cewa masu waswasi wutar da ake basu ta fi ta masu karkarwa ƙarfi, don haka batirin da ba a caji zai iya mutuwa cikin shekara 1 zuwa 2 a sake tsaga ƙirji a canza, mai caji kuwa yana kai wa shekara 15. To wa zai zaɓi na farkon yana zaune a Kano? Dole muka ƙara kuɗi masu kauri, na dinga kiran 'yan uwa da daddare ana haɗo kuɗi. Daga baya kuma wani ɗan Sudan da muka haɗu a masauki yake faɗa mun ai dillalai kaso suke karɓa a cikin farashin, shi kai tsaye ya rubuta wa ofishin baƙi na asibitin da imel. Wanda zai je ya nemi a rubuta masa komai ɗaya bayan ɗaya, har irin batirin.

Ranar aikin an aske masa kai ƙwal, aka ɗaura masa wani ƙarfe zagaye da kai da kusoshi don kar ya motsa ko kaɗan, aka ɗauki hoto aka auna inda za a bi. Huda biyu suke yi a saman kai, dama da hagu, su zura siraran wayoyi da kaurinsu bai wuce milimita 1.3 ba har can ciki wani layi da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da tsakiyarta, wajen da aka gano yana aiki fiye da kima a masu ciwon, kullum yana buga ƙararrawar cewa akwai abinda bai yi daidai ba. Sai su ja wayar ta ƙarƙashin fata ta bayan kunne ta wuya zuwa ƙasan ƙashin wuya a ƙirji inda suka binne batirin. Shi barci aka sa shi gaba ɗaya, wasu wuraren a farke ake yi. Na zauna a waje tun safe har bayan la'asar, nas na leƙowa tana cewa komai lafiya, kuma da ya farka ciwon kai da kumburin fuska ne kawai, ɗinkin ya warke tsaf ba ruwa ba ƙaiƙayi. Ta nan ban da abin cewa, hannun likitan tiyatar yana da kyau.

Ɗakin kwanciya tsaf tsaf, nas nas ɗin da fara'a. Abinci ne dai matsala, komai yaji da kori, mu da muka taho da garin kunu da ƙuli da yajin daddawa muka tsira. Tafinta na Larabci suke da shi ba na Hausa ba, Turancinsu kuma da sauri ga kaɗa kai da baka san eh bane ko a'a.

Basu kunna na'urar ba sai da aka yi kamar sati biyu kumburi ya sauka. Nan ne na ga abin mamaki. Likitar ta zauna da tabulet a cinya, ta ɗora masa wani ɗan abu a ƙirji, kowace waya tana da wurare 4 da wuta ke iya fita, ta dinga gwada su ɗaya bayan ɗaya tana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan tana tambaya me kake ji. Na farko ya ce ba komai. Na biyu zufa ta karyo masa, ya dafe ƙirji ya ce tsoro yake ji a kashe a kashe, ta rage nan take ya dawo daidai. Da ta zo na uku a ɓangaren dama sai gefen bakinsa ɗaya ya ɗaga shi kaɗai, sannan ya tuntsire da dariya, ya rufe baki da hannu yana cewa "Yaya ban san me nake wa dariya ba wallahi, kawai ƙirjina ne ya yi sakayau." Rabon da in ji dariyar yaron nan har na manta. Ita kuma ko a jikinta, ta rubuta a takarda ta ce alama ce mai kyau amma kar mu yi murna tukuna, don walwala da raguwar fargaba su ke fara zuwa cikin mintoci, tunanin da ke cin rai sai kwanaki ko makonni, maimaita wanka da alwala kuwa sai watanni. Haka kuwa aka yi, daren ranar sai da ya shafe awa biyu a banɗaki kamar kullum.

Saitin nan irin neman tasha ne a tsohuwar rediyo mai gajeren zango, ka murɗa kaɗan ka ji murya ka ƙara kaɗan ta ɓace, kuma ba a zama ɗaya ake samu ba, ana iya kwashe wata 6 har shekara ana yi. Akwai lokacin da aka ƙara masa wuta ta yi yawa. Ya daina barci, surutu ba ƙaƙƙautawa, ya shiga kasuwa ya kwaso turare da yadi na kuɗin da muka ware na masauki wai zai fara kasuwanci, ya kira wata yarinya da ya taɓa so tun da daɗewa ƙarfe uku na dare wai aure zai yi. Ni har na fara cewa Alhamdulillahi yaro ya farfaɗo, sai da na ji yana wa direban keke masifa a kan canjin da bai taka kara ya karya ba, shi da ko kallon mutane baya iya yi a da. Muka koma, likitar ta ce sananne ne, ta rage, washegari ya sauko yana jin kunya. Da ace muna gida abun ya faru fa? Wa zai rage?

Sai horon. Na'urar bata hana shi wanke hannu ba, abinda ta yi shine ta rage masa fargabar har ya iya zama a yi masa ERP ɗin da ya gagara a baya. Mai horon, saurayi ne ba musulmi ba amma ya zauna ya koyi yadda ake alwala don kawai ya san iyakar abinda addini ya nema, ya ba shi gorar ruwa ƙarama ya ce da ita za ka yi, sau ɗaya, in ka gama ka zauna a gabana ba komawa. Ina kallonsa hannunsa na rawa yana kallon famfo, minti ashirin, talatin, har jikinsa ya saki. Muka haɗa da wani malaminmu ta waya ya tuna masa abinda duk muka karanta a islamiyya, cewa wanda kokwanto ya aura watsi zai yi da shi ba zai koma ya sake ba, ya yi ba'adiyya ya wuce. An sha gaya masa wannan shekara da shekaru baya shiga, yanzu ne ya samu wajen shiga. Kuma magungunansa bai daina ba har yau, wanda ya ce maka in an sa waya an rabu da ƙwaya bai sani ba.

Yanzu kusan shekara biyu kenan. Makinsa na ƙarshe 19. Yana alwala cikin minti biyar zuwa goma, yana samun jam'i, yana zama a shagon ɗan uwanmu a Kwari har yana karɓar kuɗi da hannunsa, abinda a da ko da safar hannu bazai yi ba. Ranar da ya gaji ko ransa ya ɓaci abun na dawowa, ya maimaita kabbara sau uku huɗu. Ya ƙara ƙiba. Wayar wuyan tana ɗan ja masa in ya juya da sauri.

To matsalar gida. Sun ce mana akwai kulawa ta WhatsApp da bidiyo, kuma a farko suna amsawa cikin awa, amma da watanni suka ja sai ka tura saƙo a yi kwana uku shiru, ma'aikaciyar da ta san fayil ɗinmu ta bar aiki ba wanda ya sanar damu, sabuwar ta dinga tambayarmu daga farko. Rimot ɗin da aka bashi kunnawa da kashewa da duba caji yake yi sai ɗan ƙari ko ragi a cikin iyakar da likita ta ƙayyade, duk wani canji na gaske sai an zauna gaba da gaba da tabulet ɗinsu, wato sabuwar biza, sabon tikiti, sabon masauki. Likitan ƙwaƙwalwarsa na nan gida mutumin kirki ne yana bin maganin yana auna shi, amma bashi da na'urar saitin, kuma asibitin can basu taɓa ɗaga waya sun kira shi ba duk da na basu lambarsa da imel ɗinsa tun kafin mu taso. Wannan rainin ya tsaya mun a rai, kuɗin da muka biya ya isa a ce likita ya yi magana da likita.

Caji kuma aiki ne. Wani faifai yake ɗorawa a ƙirji daidai kan batirin ya zauna dashi, kusan kullum ko bayan kwana biyu saboda ƙarfin wutar da yake ci, shi faifan ma sai an yi masa caji, ga halin wutarmu, dole muka sa ƙaramar sola a ɗakinsa. Akwai bikin da ya je ƙauye ya manta cajar a gida, batirin ya mutu, wallahi kafin gari ya waye wani irin baƙin ciki da fargaba suka rufto masa har ya fi yadda yake kafin aiki, yana kuka a waya yana cewa Yaya zo ka ɗauke ni, da asuba na kama hanya da cajar a aljihu, ana kunnawa ba a jima ba ya dawo hayyacinsa. An gaya mana hakan na faruwa, amma a layi ɗaya cikin takardar sallama, abinda ya kamata a zaunar da dangi a nanata musu. Cajar kuma in ta lalace ba a Sabon Gari za ka samo ta ba, ka roƙi ta biyu tun kana can ko nawa ce.

Sauran ƙananan abubuwa: akwai katin shaida da suke bayarwa, kar ya rabu da shi, a filin jirgi nunawa yake a laluba shi da hannu maimakon ya bi ta ƙofar na'ura. Ba a sa shi a MRI haka kawai sai an bi sharuɗan na'urar, kuma akwai wani gashin ƙashi na lantarki mai ɗumama tsoka daga ciki da ake yi a sashen motsa jiki na asibitoci, wannan haramun ne a kansa kwata kwata, duk likitan da zai taɓa shi ko na haƙori ne sai ya faɗa masa.

Mai niyyar zuwa, in zai ji tawa, ya tambaye su mutum nawa masu waswasi suka yi wa, ba masu Parkinson ba, don wuri zai iya ƙwarewa a wancan bai taɓa saita wannan ba. Ya tambaya wa zai yi saitin, likitan ƙwaƙwalwa ne ko wakilin kamfani. Ya tambaya ko na'urar tasu ana iya saita ta daga nesa kuma ko hakan zai yi aiki daga ƙasarsa, su rubuta amsar a takarda. Ya ware kuɗin komawa tun kafin ya biya na tiyata, in kuɗin tafiya ɗaya kawai gare shi ni dai ban bashi shawarar ya fara ba. Kuma ranar sallama kar ya fito sai an buga masa cikakken saitin a takarda, wane wuri ne a kunne a kowace waya, ƙarfin nawa, bugu nawa a daƙiƙa, nasa dai 130 ne. Mu sai da na yi ta sintiri tsakanin hawa na biyu da na biyar kafin su bamu, wai ba a saba bayarwa ba.